RAV4 ta 2007 ko CR-V ta 2008: wacce ta fi ƙarko, kuma me ke damun kowace?

Tambaya: Ina neman tsohuwar ƙaramar jif ta iyali. An nuna mini guda biyu, Toyota RAV4 ta 2007 mai silinda huɗu da Honda CR-V ta 2008. Dukansu otomatik ne, kuma kowace ta haura kilomita 200,000. Abokaina na cewa in rufe ido in ɗauki Toyota, wai ba ta lalacewa. Me ke yawan lalacewa a irin waɗannan motoci, kuma wacce za ta fi hutar da ni zuwa gareji?

Amsa: Malam, abokanka ba su yi ƙarya ba, sai dai rabin magana suka faɗa maka. Toyota na ƙera motoci masu ƙarko, amma RAV4 ɗin da aka nuna maka ta faɗo cikin shekaru ukun da injin wannan samfurin ya yi ƙaurin suna. Da ta 2009 zuwa 2012 ce, da sai in ce je ka duba lafiyarta ka biya. Ta 2007 mai silinda huɗu kuwa, akwai tambaya guda da dole a amsa kafin a shiga ciniki: nawa take shan baƙin mai? In ba a samu amsa mai gamsarwa ba, CR-V ɗin ta fi, muddin tsatsa ba ta cinye ƙarƙashinta ba.

Kafin in shiga bayanin inji, ka san irin motar da kake saye. RAV4 da CR-V suna da tsayi da surar jif, amma ƙirarsu ta ƙaramar mota ce. Ba su da shasi na ƙarfe daban da aka ɗora bodi a kai kamar Land Cruiser ko Hilux. Bodin ne ke ɗauke da komai, inji da giya da ƙafafu duk a jikinsa aka ɗaure su. Wannan ne ya sa suke da laushin tuƙi da sauƙin shan fetur, shi ne kuma ya sa suke saurin gajiya a hannun wanda ya ɗauke su motocin daji. Bushin da boljoyin da shokazobarsu ba su fi na Camry ko Accord girma da wani abin kirki ba. Wanda ya riƙa lafta musu kaya yana bin gargada da gudu, duk 'yan watanni sai ya koma gyaran ƙafa, ya kuma ɗora wa kamfani laifi.

To, maganar baƙin mai. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, irin wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009. Inji ne mai sauƙin aiki, sarƙa ce ke juya taminsa ba bel ba, kayansa kuma ba su da wuyar samu. Matsalarsa tana jikin fistin. Kowane fistin yana da zoben da ke kankare mai daga bangon silinda, da 'yan ƙananan ramuka a bayan zoben da man ke bi ya koma ƙasa. A wannan injin ramukan kan toshe da ƙonannen mai, zoben ya maƙale a mazauninsa, sai man da ya kamata ya koma ƙasa ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Toyota ta amsa cewa matsalar tana nan. Ta fitar wa dilolinta takardar umarnin gyara a 2011, daga baya kuma a Amurka ta tsawaita garantin wannan ɓangaren zuwa shekara 10 ko mil 150,000, inda ake sauya fistin da zobba da sabon samfuri. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne motar ta sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900. Wa'adin wannan garanti ya daɗe da wucewa, don haka yau duk wanda ya saya, gyaran daga aljihunsa ne.

Yi lissafin da kanka ka ga inda haɗarin yake. Injin yana ɗaukar mai lita huɗu da 'yan kai. Ana yin juye duk bayan kilomita 8,000. Motar da ke shan lita ɗaya a kilomita 1,900, kafin lokacin juye ya zo ta shanye kusan duk abin da aka zuba mata. Mai motar da ba ya buɗe bonet ba zai sani ba, domin jar fitilar nan mai hoton buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa. Kamar maigadin da ba ya ihu sai ɓarawo ya fita da kaya take: lokacin da za ta kama, metal, wato shimfiɗar da kiranshaf ke juyawa a kai, ya riga ya fara cin ƙarfe. Ta wannan hanyar injin 2AZ-FE kan buga. Shan man shi kaɗai ba ya kashe inji nan take. Akwai masu irin wannan mota da suka yi shekaru suna yawo da galan a but, suna ciko duk mako, motar kuma tana tafiya lafiya.

Abin da ke sa ganewa ta yi wuya a wurin saye shi ne motar ba ta cika yin hayaƙi ba. Katalis ɗin da ke cikin salansa yana ƙone yawancin shuɗin hayaƙin kafin ya fito, har sai ranar da shi ma ya toshe, motar ta rasa ƙarfi, kwamfuta ta kawo lambar P0420. Mai sayarwa kuma tabbas ya yi sabon juye, saboda haka sandar awon mai za ta nuna maka mai tsabta cike har baki. Ka sa a kwance fulogi huɗun nan ka gani da idonka. Fulogin injin da ke ƙona mai yakan tara toka mai kauri, fara ko ruwan ƙasa, wani lokaci da danshin mai a zarensa. In ka tarar da fulogi sabbi fil a motar da sauran jikinta duk ƙura ce, tambayi dalili. Sa yatsa cikin bakin salansa: busasshen baƙi kaɗan ba komai ba ne, mai maiƙo da danƙo shi ne abin tsoro. Ka bar motar a silo minti goma bayan ta yi zafi, sannan wani ya taka totur da ƙarfi kai kana tsaye a baya. In garejin da ka je yana da 'yar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi, a leƙa kan fistin. Gwajin kwamfireshin yana da amfani, amma kada ka dogara da shi a nan, domin zoben mai kan maƙale alhali zobban sama suna riƙe iska lafiya lau, har ma man da ke bangon silinda ya ƙara wa awon kyau.

Hujja mafi ƙarfi ita ce takardar da ke nuna an riga an sauya fistin a lokacin garanti. In akwai ta, wannan injin ya koma sahun masu kyau, kuma zan fifita RAV4 ɗin. In babu, ka ɗauka cewa tana sha har sai ta nuna maka akasin haka, ka kuma cire kuɗin sauke inji da sauya fistin daga abin da za ka biya. Na ce fistin, ban ce zobba kaɗai ba. Masu yin ringin su mayar da tsohon fistin ba tare da ko buɗe ramukan ba, aikin yakan dawo musu. Zuba mai mai kauri irin 20W-50 kuwa rufa-rufa ce. Yana ɗan rage shan, amma injin yana da tsarin VVT-i, mai sauya lokacin buɗewar bawul, da ke aiki da matsin mai ta ƙananan hanyoyi, kuma da sanyin safiya mai mai kauri yana jinkirin isa can sama. Ka bi abin da aka rubuta a murfin mai ko littafin motar. Kafin a yanke hukuncin sauke inji, a fara sauya bawul ɗin PCV mai fitar da tururin cikin inji, ɗan ƙaramin abu ne mai araha wanda in ya maƙale shi ma yana sa shan mai.

Wannan injin yana da wani tsohon ciwo da ya fi shafar na shekarun baya, kamar RAV4 ta 2004 da 2005 da Camry ta 2002 zuwa 2006: zaren ramukan da kusoshin kan silinda ke shiga yakan zame daga bulok ɗin, wanda na alminiyon ne, musamman ta baya wajen da ke fuskantar das bod. Ruwa ya fara tsiyaya ta bayan inji, gasket ya saki. A ta 2007 abin ya ragu, amma darasin bai canza ba: inji na alminiyon ba ya yafe zafi. Tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa kan silinda. Shi ya sa a kowace daga cikin motocin biyu, in ka buɗe lagireto da sanyi ka ga ruwan famfo mai tsatsa maimakon ruwan sanyaya inji mai launi, ko ka ga an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa da zarar an murɗa makulli, ko aka ce maka an cire tamostat, to motar ta taɓa fama da zafi kuma ɓoye ciwon aka yi. Cire tamostat ba ya warkar da komai. Injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ba shi fetur da yawa, fetur ɗin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai.

Sauran matsalolin RAV4 ta wannan zubin, wato 2006 zuwa 2012, masu sauƙi ne in aka kwatanta. Famfon ruwa yakan yi yoyo, za ka ga busasshen abu ruwan hoda ya daskare a gefen inji wajen bel. Sitiyarinta na lantarki ne, babu mai babu famfo, amma sandar da ke tsakanin sitiyari da rak takan yi ƙwas-ƙwas in ana juyawa a hankali, musamman a 2006 zuwa 2008. Ƙarar ta fi illar yawa. Akwai kuma wani kiranye, wato kamfani ya kira motoci su dawo a gyara musu wani aibi, da bai kamata a yi wasa da shi ba. A 2012 Toyota ta kira RAV4 na 2006 zuwa 2011 saboda sandar saita tayar baya: in an yi alaimen ba a ɗaure notinta yadda ya kamata ba, tsatsa takan shiga zaren, ta ci shi har sandar ta rabu ana cikin tafiya. Gyaran farko bai wadatar ba, sai da aka sake kiran motocin. Ka sa makaniki ya kama sandunan nan biyu ya girgiza su da hannu.

Giyarta mai hawa huɗu ce. Tsohon yayi ce ko a lokacin da ta fito, tana sa inji ya ɗan yi ƙara a babbar hanya, amma tana daga cikin giyoyin da suka fi jure wahala. Sunan da RAV4 ta ɓata a maganar giya daga zubin baya ya samo asali, na 2001 zuwa 2003, inda kwamfutar inji ce ke lalacewa ta riƙa buga giya da ƙarfi har ta kashe giyabos. Mutane da yawa sun sauya giyabos sau biyu kafin su gane kwamfutar ce mai laifi. Wannan bai shafi ta 2007 ba.

In ka ci karo da RAV4 mai silinda shida, 2GR-FE mai lita 3.5 da ƙarfin doki 269, ka san ta fi ƙarfin abin da iyali ke bukata, kuma ba ta da ciwon fistin. Nata ciwon shi ne wani bututun mai na VVT-i da ke da guntun roba a tsakiya, wanda kan fashe ya zubar da man inji cikin 'yan mintuna. A duba ko an sauya shi da na ƙarfe zalla. Wurin injin kuma a matse yake, fulogi uku na baya ma sai an cire manifol kafin a kai gare su, yoyon murfin tamin kuwa sai an sauke inji. Mota ce mai daɗi, amma kuɗin aikinta ya fi. Wadda na fi so a duk zubin ita ce mai lita 2.5, 2AR-FE, da ta zo daga 2009.

Yanzu CR-V. Ta 2007 zuwa 2011 tana da inji K24 mai lita 2.4, shi ma da sarƙa, da giya otomatik mai hawa biyar. A ganina K24 yana cikin injuna masu silinda huɗu mafi nagarta da aka taɓa sa wa motar iyali. Ta 2008 ɗin da aka nuna maka tana cikin shekaru masu kyau. Na 2010 da 2011, da aka ƙara musu ƙarfi zuwa doki 180, su ne wasunsu suka riƙa shan mai, har Honda ta tsawaita garantin zobban fistin. Abu biyu injin yake bukata da masu shi kan manta. Na farko saitin bawul: bawulolinsa ba sa saita kansu, da hannu ake yi. In sun saki za ka ji kas-kas, wannan ba ya kisa. In sun matse ba za ka ji komai ba, sai dai motar ta riƙa rawa a silo ko ta mutu da safe, bawul ɗin fitar hayaƙi kuma yana ƙonewa a hankali. Motar da ta haura kilomita 200,000 ba a taɓa buɗe murfin samanta ba, lokaci ya yi. Na biyu baƙin mai a kan kari. Sarƙar tamin ta K24 tana miƙewa ne in an saba barin mai ya yi ƙasa ko ya tsufa, alamarta kuma lambar P0341. In ka tayar da ita da sanyi ka ji ƙara kamar ta niƙa na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta ɗauke, giyar VTC ce, mai sauya lokacin buɗewar bawul, da ke kan kamshaf. Ana iya tafiya da ita haka na wani lokaci, amma tana wahalar da sarƙa, a sa ta cikin lissafi.

Inda CR-V ta fi ba masu ita haushi shi ne na'urar sanyaya ciki. A zubin 2002 zuwa 2006 kwamfireso kan farfashe daga ciki, ya watsa garin ƙarfe cikin dukkan bututai, ta yadda in an sa sabo ba a sauya kwandensa an wanke layi ba, sabon ma ya bi sahu. A zubin 2007 zuwa 2011 abin ya fi sauƙi, yawanci kulocin kwamfireso ne ko kwayil ɗinsa, wani lokaci ma rile ne kawai a akwatin fis. Na sha ganin an yanke wa kwamfireso hukuncin kisa alhali rile ne ya gaji. Ka kunna sanyin tun farkon gwaji ka bar shi har ƙarshe, domin kulocin da ya ci yakan kama da sanyi ya saki in inji ya ɗau zafi. Sai makullan ƙofa na lantarki da kan riƙa buɗewa da rufewa da kansu, da mazaunin inji na gefen dama da kan fashe ya sa mota rawa in an tsaya a giya, da tayoyin baya da kan ci ta ciki su riƙa gurnani kamar boris ya tafi. Duk waɗannan suna cin kuɗi da haƙuri, amma babu wanda zai ajiye ka a hanya.

Abin da zai iya sa in ce ka bar CR-V ɗin gaba ɗaya shi ne tsatsa. Motar da ta yi rayuwarta a yankunan da ake watsa gishiri a hanya lokacin dusar ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Kanada, ruwan gishiri da laka kan shiga cikin ƙarfen bodi na baya su zauna. A 2023 Honda ta yi wa CR-V na 2007 zuwa 2011 kiranye a jihohin Amurka masu amfani da gishiri, saboda wurin da hannun tayar baya ke ɗaure kan ruɓe har hannun ya ɓalle. Ka tuna bodin ne shasin. Inji ana saukewa a sa wani, giya ma haka, amma ruɓaɓɓen bodi walda ba ta mayar da shi yadda yake. A ɗaga motar sama ko a hau rami da ita, ka shiga da tocila da sukundireba. Jan tsatsa na sama-sama a kan ƙarfe mai kauri ba abin damuwa ba ne. Wanda ke ɓarewa falle-falle, ko inda sukundireba ta nutse, shi ne ƙarshen magana. Baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashin tsohuwar mota, ni ƙara mini zargi yake yi. RAV4 ma a yi mata wannan duban.

Ba ka faɗa mini ko masu jan taya huɗu ba ne ko masu jan gaba kaɗai. Leƙa ƙasa: in akwai doguwar sandar furofela da ta tafi baya zuwa dif, mai huɗu ce. A duka motocin biyu tayoyin gaba ne ke jan mota kusan kullum, na baya suna shigowa ne in na gaba sun fara zamewa. CR-V tana yin haka da wasu famfuna biyu na mai a cikin dif ɗin baya, kuma man Honda na musamman take sha, Dual Pump Fluid. In ya tsufa za ka ji gurnani daga baya lokacin da ka karya sitiyari gaba ɗaya kana juyawa a hankali, sau da yawa kuma sauya man kaɗai yana kashe ƙarar. Wanda ya zuba mata man dif na gama-gari mai kauri ya jawo wa kansa aiki. RAV4 da maganaɗisun lantarki take haɗa tayoyin baya, boris ɗin wannan mahaɗin kuma yakan yi kuka da ke ƙaruwa da gudu. Mai jan huɗu tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cin da ya yi kusa da juna, in ba haka ba mahaɗin zai ɗauka ana zamewa ne ya riƙa aiki ba hutu. In ba ka da hanyar laka ko yashi ko hawa mai santsi a zirga-zirgarka, ɗauki mai jan gaba. Ka huta da furofela da dif da tiransifa da shaf biyu, fetur ma ya ɗan ragu. Af, in ka ga mai jan huɗu da aka cire mata furofela, wani abu ne ya lalace aka gudu daga gyaransa.

Wataƙila a cikin neman nan wani ya nuna maka Nissan Murano ko Rogue na shekarun, sun fi kyan ciki, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. Giyarsu CVT ce, mai bel na ƙarfe tsakanin fule biyu, ba ta son zafi, kuma matsalarta ta kai Nissan ta ninka garantin giyar zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. In ta fara kuka ko ta riƙa rasa ƙarfi bayan doguwar tafiya, yawanci sai dai a sauya ta ɗungurungum, masu iya gyaran cikinta kaɗan ne.

Ranar da za ka je dubawa, ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso, ka kuma taɓa inji da hannu ka tabbatar da sanyinsa. Rabin ciwon tsohuwar mota a minti na farko yake bayyana. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba ka ga fitilun das bod sun kama duka, musamman ta inji da ta ABS da ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka rufe. A sa na'urar karanta kwamfuta, kuma kada a tsaya a kan cewa babu lambar matsala. A duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta, irin na katalis da na sensar iska, sun kammala. In duk suna nuna ba su kammala ba, an goge lambobin ne kwanan nan ko an cire batir, sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin su dawo.

Ja sandar awon man giya ka goga a farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa mai haske yana da kyau. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe, ka bar motar. Taka burki ka sa ribas, ka dawo D: ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Tuƙin gwaji kada ya gaza rabin awa, a haɗa da babbar hanya da hawa, domin giyar da ta gaji sai man ya yi zafi take fara zamewa, ka ga allurar inji ta hau mota ba ta ƙara gudu ba. Lambar kilomita da ke das bod kuwa kada ka ba ta muhimmanci fiye da kima, ana juya ta. Robar feda, fatar sitiyari da gefen kujerar direba sun fi ta gaskiya. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen ƙarƙashin kujeru da ramin but: laka busasshiya ko tsatsa a wuraren nan alamar motar ta taɓa nutsewa a ruwa ce, irin wannan kuwa matsalar wayarta ba ta ƙarewa.

Ka kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In motar ta kasuwar Amurka ce, shafin intanet na NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci a hanya ta Amurka, yana nuna kiranyen da ba a yi mata ba, kyauta. Wannan ya fi muhimmanci a CR-V, domin tana cikin motocin da aka sa wa jakar iska ta kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima tsawon shekaru, ranar haɗari kuma gwangwaninsa kan tarwatse ya watso ƙarfe a fuskar wanda ke zaune. Mutane sun mutu ta haka a haɗurran da ba su kai na mutuwa ba. In ba a sauya ba, ka tuntuɓi wakilin Honda da lambar kafin ka fara ɗaukar iyali.

Duk wadda ka saya, ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. A yi juye da tace mai kyau. A zubar da ruwan lagireto a sa na gaskiya, a mayar da tamostat in babu. Man giya a sauya shi ta hanyar kwance noti a tsiyaye a cika, wajen lita biyu da rabi zuwa huɗu ke fita a kowane karo, a maimaita bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Kada a sa injin da ke tura mai da ƙarfi a tsohuwar giyar da ba a san tarihinta ba. Giyar Toyota tana shan mai samfurin WS, ta Honda DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, kuma Honda musamman ba ta son a yi mata haɗe-haɗe. A sauya man burki, da man dif da na tiransifa in mai jan huɗu ce. Tayoyi a duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida a fara shirin sauya ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safayar RAV4 da ke rataye a ƙofar baya tana shan rana.

In RAV4 ɗin ka ɗauka, ranar juyen farko ka ajiye ta a wuri mai daidai, ka cika mai zuwa layin sama, ka rubuta kilomita. Duk bayan kilomita 500 ka sake aunawa a wuri guda, da safe kafin a tayar. Bayan kilomita 2,000 za ka san halinta. In rabin lita ta sha ko ƙasa da haka, ka riƙa ciko ka ci gaba da harkarka. In ta kai lita ɗaya ko ta wuce, fara tanadin fistin tun katalis bai toshe ba.